Idan AC ɗin mota ya daina sanyi: abin da ya kamata a bincika kafin a ƙara gas

Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi a Sakkwato da Maiduguri da Yola ke haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, masu gyaran na'urar sanyaya mota, wadda kowa ke kira AC, ba sa samun sukunin zama. Motoci kan yi layi, ƙorafin kuma iri ɗaya ne: iska na fitowa, amma babu sanyi. Amsar da akan samu ita ma kusan ɗaya ce, wato gas ya ƙare, sai an ƙara. A biya, a tafi da sanyi, bayan mako uku a dawo da ƙorafin farko.

Gas ɗin AC ba ya ƙonewa kamar fetur, amfani kuma ba ya cinye shi. A cikin rufaffun bututu yake zagayawa, kuma wanda aka zuba a masana'anta yana iya shekaru masu yawa yana aiki, in ban da ɗan abin da ke sulalewa a hankali ta jikin roba. Idan ya ragu cikin makonni ko watanni, to akwai inda yake yoyo, ƙara wani ba tare da an toshe wurin ba kuwa ɗiban ruwa ne da kwando. Sau da yawa ma gas ɗin yana nan lafiya, matsalar tana wani wuri dabam da bai kai rabin kuɗin ba. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, darajar naira kuma ta faɗi, gas da kayan gyaran da ake shigowa da su daga waje sun yi tsadar da mai mota ba zai iya ci gaba da biyan kuɗin canki-canki ba.

Yadda sanyin ke samuwa

AC yana kwashe zafin cikin mota ne ya zubar a waje, gas ɗin kuma shi ne ɗan dakon zafin. Kwamfiresa, wadda bel ɗin injin ke juyawa, tana matse gas har ya yi zafi ƙwarai, ta tura shi zuwa kwandensa, wato abin nan mai kama da lagireto da ke gaban lagireton kansa. Iskar hanya da ta fanka suna sanyaya shi a nan ya koma ruwa. Daga nan ya ratsa diraya, wadda ke tace datti ta kuma tsotse danshi, ya isa wani ɗan bawul mai ƙaramar kafa. Da ya fita daga kafar sai matsinsa ya faɗi, ya shiga tafasa a cikin ibaforeta da ke ɓoye a bayan dashbod. Gas samfurin R-134a yana tafasa a digiri 26 ƙasa da sifili idan babu matsi a kansa, don haka tafasar tasa ke zuƙe zafin iskar da fankar ciki ke hurowa. Iskar ta fito da sanyi, gas ya koma kwamfiresa, zagayen ya ci gaba.

Ko'ina wannan zagaye ya tsinke, abin da direba zai ji ɗaya ne. Shi ya sa rashin sanyi kaɗai ba ya gaya wa kowa abin da ya lalace.

Binciken da ba ya cin ko kobo

Tambayar farko ita ce ko iskar na fitowa da ƙarfi. Idan fanka tana ƙara amma iskar ba ta da ƙarfi, a duba filtar iskar ciki, wadda a yawancin motoci take bayan akwatin ajiya na gaban fasinja. Ƙurar hunturu guda tana iya toshe ta, kuma akwai motocin Kwatano da yawa da ba a taɓa cire filtarsu ba tun da suka sauka daga jirgi. Motar da ba ta da filta kuwa, ƙurar kan manne a jikin ibaforeta mai danshi ta zama laka. Idan fankar ba ta motsi sam, ko tana aiki a lamba ta ƙarshe kawai, wannan aikin mai rewaya ne: fis, ko abin da ke rage wa fankar gudu, ko fankar kanta.

Idan iska na da ƙarfi amma da ɗumi, a ɗaga bonet injin na silo, wani ya kunna AC, a kalli gaban kwamfiresa daga nesa, ba tare da kai hannu ko bakin riga kusa da bel ba. Fulin yana juyawa kullum, amma farantin tsakiya, wato kuloci, sai an kunna AC yake kamawa, da 'yar ƙara mai kama da ƙyas. Idan bai kama ba, fis da rile ne abin dubawa na farko, domin su ne mafi araha. Ana iya musanya rilen AC da wani irinsa sak da ke cikin akwatin fis, kamar na hon a wasu motocin, a ga ko zai tashi. Bayan su sai sensar matsi, wadda ke hana kwamfiresa aiki idan gas ya yi ƙasa sosai ko matsi ya yi yawa. Akwai sababbin motoci da kwamfiresarsu ba ta da irin wannan kuloci, tana juyawa koyaushe, wani bawul na lantarki ne ke ƙara mata aiki ko ya rage. A irinsu rashin jin ƙara ba ya nuna komai, kuma bawul ɗin kan lalace shi kaɗai alhali kwamfiresar lafiya lau take.

Lokacin da sanyin ke ɗaukewa shi ma shaida ne, kuma ya fi kowace shaida amfani ga makanike. Motar da ke sanyi a kan babbar hanya, ta daina a cunkoson Kano ko na Mararaba, kusan koyaushe zafi ne ba ya fita daga kwandensa. A kan gudu iskar hanya na yin aikin, a tsaye kuwa sai fanka, kuma idan fankar ta mutu ko ta yi rauni matsi zai hau har sensa ta yanke kwamfiresa. Leda, ganye, ƙwari da laka da suka toshe fuskar kwandensa suna jawo haka. Ana wanke ta da ruwa mara ƙarfi, domin ruwan injin wanki yana lanƙwasa siraran ƙarafanta. A kuma dubi allurar zafin injin, saboda kwamfutar mota takan kashe AC da gangan idan injin ya soma zafi. A wannan hali laifin na lagireto ne ko famfon ruwa.

Wata motar kuma takan yi sanyi na rabin sa'a, sai iskar ta riƙa raguwa har ta kusa ɗaukewa, idan aka kashe AC na mintoci sai ruwa ya zubo a ƙarƙashinta, komai ya dawo daidai. Ƙanƙara ce ke rufe ibaforeta, galibi saboda sensar da ke auna sanyinta ta lalace. Idan kuma sanyin ne ke ɗaukewa bayan mota ta yi zafi alhali ƙarfin iska bai canja ba, mai yiwuwa ratar da ke tsakanin farantin kuloci da fuli ta buɗe saboda cinyewa, maganaɗisun ya kasa jawo shi. Ratar ba ta kai milimita ɗaya ba a yawancin motoci, kuma gyaranta bai wuce cire ɗan siririn wasa ba, amma an sha sayar wa mutane da kwamfiresa sukutum a kan wannan.

Akwai gwaji ɗaya da hannu ke yi. Bututun ƙarfe biyu ne ke shiga bangon da ke tsakanin injin da ɗakin mota. Idan mai kaurin ya yi sanyi har yana raɓa, amma iskar ciki da ɗumi, to ɓangaren gas yana aikinsa. Ƙofar da ke haɗa iskar hita da iskar sanyi ce ta maƙale, ko ɗan injin da ke juya ta ya karye, abin da kan zo da ƙarar ƙas-ƙas a bayan dashbod, wani lokaci ma gefe ɗaya ya yi sanyi ɗayan ya yi zafi. Siririn bututun da ke fita daga kwamfiresa zuwa kwandensa kuwa yana iya ƙona hannu, kada a taɓa shi.

Idan da gaske gas ne

A nan ne kuɗi suka fi salwanta. Mai gyara yakan ɗaura geji mota na kashe, ya nuna allura ya ce ga shi gas ya yi ƙasa, ko ya ce a cike yake. Wannan awon ba ya faɗin yawan gas. Muddin akwai sauran ruwan gas a ciki, matsin R-134a zafin gari kawai yake bi: kusan psi 97 a digiri 30, kusan psi 133 a digiri 40, ko rabi ya rage ko cike yake. Abin da allurar ke iya tabbatarwa a tsaye shi ne cewa gas ya kusa ƙarewa ko ya ƙare ƙaf. Awon da ke da ma'ana shi ne na geji biyu, shuɗi da ja, AC na aiki. Shuɗin yakan zauna tsakanin psi 25 da 45, jan tsakanin 150 da 250, yana kuma haura haka a tsakiyar rana ta bazara. Idan duka biyun sun yi ƙasa, gas ya ragu. Idan duka sun yi sama, ko an cika gas fiye da kima, ko kwandensa ba ta samun iska. Idan shuɗin ya hau, jan ya sauka, suka kusanci juna, kwamfiresa ba ta matsawa. Idan shuɗin ya faɗi ƙasa da sifili, akwai toshewa, yawanci a bawul.

Neman yoyo aiki ne na haƙuri, shi ya sa ake gudunsa. Gas yana tafiya tare da man kwamfiresa, saboda haka duk inda aka ga maiƙo ya kama ƙura a mahaɗar bututu, ko a kusurwar kwandensa, ko a bayan fuli, wurin abin zargi ne. Wuraren da suka fi yoyo su ne zoben roba na mahaɗai, bakin da ake zuba gas, tiyon roba, sil ɗin gaban kwamfiresa, da kwandensa da tsakuwar hanya ke huda. Ibaforeta ce mafi wahala, don sai an kwance dashbod, kuma bai kamata a yarda a kwance shi ba sai an ga shaida, kamar launin gwaji mai haske a ruwan da ke ɗiga daga tiyon magudana, ko na'urar shinshina gas ta yi ƙara a bakin iska. Ruwan sabulu yana kama babban yoyo. Ƙaramin sai an cika bututun da iskar naitirojin an bar geji ya nuna ko matsi na sauka.

Iskar oksijin ta masu walda ba ta da wuri a wannan gwaji ko kaɗan. Idan ta haɗu da mai a ƙarƙashin matsi tana iya fashewa, ta kashe wanda ke tsaye a wurin. Iskar injin bugun taya kuma danshi take cusawa. Shi kansa gas ɗin, idan ya fesu a fata ko ido yana daskarar da nama nan take, idan kuma ya haɗu da harshen wuta yana ba da hayaƙi mai guba, don haka ba a walda bututu sai an tabbatar babu gas a ciki.

Bayan an toshe yoyon, sai a zuƙe iska da danshi da injin zuƙa na aƙalla rabin sa'a, a rufe, a jira a ga ko allura za ta motsa. Masu gaggawa sukan tsallake wannan, su ɗan fesar da gas su ce iskar ta fita. Danshin da ya rage yakan daskare a bakin bawul ya riƙa yanke sanyi, ya kuma haɗu da mai ya zama asid mai cin ƙarfe daga ciki. Idan bututun ya daɗe a buɗe, dole a canja diraya, domin garin da ke cikinta ya riga ya ƙoshi da danshi.

Sannan a zuba gas da sikeli. Akwai takarda manne a ƙarƙashin bonet ko a saman lagireto mai ɗauke da sunan gas da nauyinsa, yawanci tsakanin giram 400 da 800 a ƙananan motoci, fiye da haka a manyan da ke da AC na baya. Zubawa har sai mai gyara ya ji sanyi a bayan hannunsa ƙiyasi ne, kuma wuce kima yana rage sanyi, ya ɗora wa kwamfiresa nauyi, ya ƙara shan mai. Idan aiki ya yi kyau, ma'aunin zafi da aka saka a bakin iska na tsakiya, tagogi a rufe, iskar ciki na zagayawa, zai nuna digiri 5 zuwa 10 ko kusa da haka bayan 'yan mintoci.

Wane gas ake zubawa

Motocin da ke kan titunanmu iri uku ne ta wannan fuska. Tsofaffin da aka ƙera kafin tsakiyar shekarun 1990 sun zo da R-12, wanda Yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta sa aka daina saboda yana lalata rufin ozon da ke kare duniya daga hasken rana mai cutarwa. Ƙasashe masu arziki sun daina sarrafa shi a 1996, masu tasowa aka ba su zuwa 2010. R-134a ya gaje shi, shi ne kuma ke cikin mafi yawan motocin da muke hawa. Ba ya taɓa ozon, amma kilo ɗaya nasa yana ɗumama duniya kamar kilo 1,430 na iskar kabon. Saboda haka Tarayyar Turai ta hana sayar da sabuwar mota mai irinsa daga 1 ga Janairu, 2017, kamfanoni suka koma R-1234yf, wanda ya fi tsada nesa ba kusa ba, kuma yana ɗan kama wuta. Sababbin motocin Amurka ma sun bi sahu. Duk wanda ya sayi motar da aka ƙera wa Turai daga 2017, ko sabuwar da ta fito daga Amurka, ya karanta takardar bonet kafin kowa ya kusanci motar da tulun gas. An bambanta bakin zuba kowane iri da gangan don kada a cakuɗa, amma adafta ba ta da wuyar samu a kasuwa.

Shi ma R-134a kwanakinsa a ƙidaye suke. Gyaran Kigali da aka yi wa yarjejeniyar a watan Oktoban 2016, wanda Najeriya ta amince da shi a ƙarshen 2018, ya ɗora wa ƙasashe irin namu su tsayar da ƙaruwar amfani da wannan rukunin gas daga 2024, su rage kashi 10 cikin 100 a 2029, har raguwar ta kai kashi 80 a 2045. Ofishin kula da ozon na Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ne ke riƙe da wannan aiki. Abin da ke ƙasa kuwa shi ne, a yawancin garejinmu na bakin titi babu injin kwashe gas a adana, sai dai a danna bawul a sake shi sama. Yayin da ake ƙayyade shigo da shi, ana sa ran farashinsa zai hau, kuma duk kayan da ya yi tsada yana gayyatar jabu.

Jabun ba sabon abu ba ne. A 2011 kwantenonin sanyi na jiragen ruwa sun fashe a Biyetnam da Brazil, ma'aikata uku suka mutu, aka gano cewa R-134a na jabu ne da aka gauraya da R-40, wani sinadari da ke cin alminiyam ya haifar da abin da ke kamawa da wuta da kansa. Kwamfiresar mota da kwandensarta da ibaforetarta kusan duk alminiyam ne. Akwai kuma masu zuba R-22 na AC ɗin gida, wanda matsinsa ya fi ƙarfin tiyo da sil ɗin mota, da masu zuba gas ɗin firji R-600a ko R-290, waɗanda dangin gas ɗin girki ne. Suna ba da sanyi, shi ya sa mai mota ba ya ganewa, amma ibaforeta tana cikin ɗakin da mutane ke zaune, kuma idan ta huje gas mai kama wuta ne zai taru kusa da wayoyin dashbod. Mai mota yana da damar ya ga tulun, ya karanta sunan da ke jikinsa, ya kuma yi shakkar duk farashin da ya faɗi ƙasa da na kasuwa sosai. Hukumar SON ce ke da alhakin ingancin abin da ke shigowa, amma a bakin gareji idon mai mota ne kawai ke nan.

Idan kwamfiresa ta mutu

Alamominta su ne ƙarar niƙa idan an kunna AC, bel na ihu ko hayaƙi, da geji biyu da suka kusan daidaita. Kwamfiresa ba kasafai take mutuwa haka kawai ba. Mai yana zagayawa ne a jikin gas, don haka wadda aka bari tana aiki da ƙarancin gas tana aiki ne da ƙarancin mai. Wannan ne haɗarin haɗa ta kai tsaye, wato a tsallake sensar matsi a ba kuloci wuta daga batir. Sanyi zai dawo na ɗan lokaci, amma an cire abin da ke tsayar da ita idan gas ya zube ko fanka ta mutu. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Idan ta niƙe daga ciki, ɓurɓushin ƙarfe yakan bazu ko'ina, man ya koma baƙi ko ruwan toka. Ɗaura wata kwamfiresar, sabuwa ko 'yar Beljiyom, a kan wannan datti hanya ce ta sayen ta uku. Sai an wanke bututu, an canja diraya da bawul, an kuma canja kwandensa, domin ta motocin zamani tana da ƙananan hanyoyi masu yawa da wanki ba ya fitar da abin da ya maƙale a cikinsu. Kafin a biya kuɗin 'yar Beljiyom, a juya farantinta da hannu a ji ko tana tafiya sumul, a kuma tsiyayo ɗan man cikinta a kan farar takarda a duba launinsa. Irin man da yawansa su ma suna da ƙa'ida. Motoci masu haɗa fetur da lantarki, irin su Toyota Prius, kwamfiresarsu da wuta mai ƙarfi take aiki, kuma manta na musamman ne wanda ba ya ɗaukar lantarki. Ɗigon man PAG na sauran motoci, ko da ragowar cikin tiyon geji ne, yana iya lalata ta. Wayoyi masu launin ruwan lemo a irin waɗannan motoci ba na taɓawa ba ne ga wanda bai koyi aikin ba.

Kafin a bar gareji, yana da kyau a nemi mai gyara ya nuna wurin yoyon da ido, ya dawo da tsohon kayan da ya cire, ya rubuta a rasit sunan gas da giram nawa ya zuba da tsawon garantin da ya bayar. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba wanda ya biya kuɗin aiki haƙƙin samun aiki mai inganci, sai dai ƙorafin da babu takarda a bayansa ba ya nisa.

Da hunturu, lokacin da mutane ke kashe AC na watanni biyu ko uku, a riƙa kunna shi na minti goma kowane mako, don mai ya jiƙa sil ɗin kwamfiresa kada ya bushe ya soma yoyo kafin Maris. Ruwan da ke ɗiga a ƙarƙashin mota ta gefen fasinja raɓar ibaforeta ce, kuma alamar lafiya ce. Idan ya daina ɗiga a waje, kafet ɗin gaba ya soma jiƙewa yana wari, tiyon magudanar ne ya toshe, ana kuma buɗe shi da 'yar iska ko siririyar roba.